Taku Dubu Huɗu a Bakin Kubanni

Likita a Shika ya ce, "Malam Tanimu,
jininka na hawa kamar kuɗin taki.
Rage gishiri, ƙara tafiya."
Zancen gishiri har yau muna kai da Balaraba.
Tafiya kuwa, ga mu.

Asabar, bayan la'asar,
daga Hayin Dogo muka gangaro mu biyar:
ni, da ita, da Inna da sandarta ta ƙirya,
da Lantana riƙe da wayata tana ƙirga mana taku,
da auta Zubairu, wanda bai yarda a ɗauke shi ba
don jiya aka saya masa silifa.

Hanyar ba ta da wuya,
ƙafar shanu ce ta share ta, ta masunta ta daddale.
Dama ruwa, hagu gonar masara ta fara bushe gemu.
Ruwan damina ya cika dam har wuya,
ya kwanta luf kamar wanda ya biya bashi.

"Ɗari bakwai da sha biyu!" in ji Lantana.
Inna ta taɓe baki:
"Ni da na sha zuwa kasuwar Giwa a ƙasa
da ƙwaryar daddawa a kai,
yau ƙarfe ne zai faɗa min na yi tafiya?"
Ta tsaya. Muka tsaya.
Ta nuna tafasa da bakin sanda,
ta nuna lalo, ta nuna rai-ɗore,
tana kiran kowanne da sunansa
kamar matar da ta dawo garinsu bayan shekaru.

Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a cikin bado,
bai ƙara taku ko ɗaya ba tun zuwanmu,
kuma ban ga alamar hawan jini a tare da shi ba.

Wani saurayi da fatsa ya ɗaga mana karfasa biyu.
Balaraba ta taya, ya yi dariya,
ya ce na miyar gidansu ne.
Ɗalibai uku a gindin ɗorawa
sun buɗe littafi, idonsu na kan ruwa.

Sai kwaɗo ya yi tsalle.
Sai Zubairu ya bi shi.
Taɓo ya karɓi ƙafar hagu har idon sawu,
ya maido ƙafar, ya riƙe silifar.
Na naɗe wando, na zura hannu har gwiwa,
na fito da dutse, na fito da gwangwani,
na fito da wata silifar, ta babba, ba tamu ba.
Kukan yaro ya tashi balbelu daga kan shanu,
fari fat, kamar an kaɗa shanya.
Ya yi shiru yana kallonsu, hawaye na kumatu.

Muka zauna, muka ɓare gyaɗa dafaffiya.
Lantana na tsince ƙarangiya daga zanen Inna.
Balaraba ta ce, a hankali, ba ni take kallo ba,
"Shekara sha ɗaya muna nan kusa,
ban san ruwan nan na yin ja da yamma ba."
Ban ce komai ba. Ni ma ban sani ba.
Kai na a kan keken ɗinki yake tun safe har isha.

A dawowa waya ta mutu,
dubu uku da ɗari tara da wani abu.
Lantana ta kusa kuka, sai ta koma ƙirgawa da baki,
ta ɓace, ta sake, ta ɓace.

Auta na barci a wuyana, ƙafa ɗaya ba takalmi,
taɓonta na bushewa a kan rigata.
Ana kiran magariba daga can Samaru.
Ina jin ƙirjina na bugu, ba gaggawa,
daidai da ƙwas, ƙwas ɗin sandar Inna.

In likita ya tambaya nawa na yi,
zan ce dubu huɗu, ban da abin da taɓo ya ci.